Goro, Gombo Da Gaisuwa: Yadda Muke Sauya Wa Zunubi Suna

Duk direban da ke bin hanyar Garwa zuwa Marwa, ko mai gangarawa Ngawundare da lodin albasa, ya san akwai kalma ɗaya da ba a furta ta a shingen hanya, wato rashawa. Abin da ake miƙawa yana da sunaye kamar na amarya. Wani ya ce goro, wani ya ce kuɗin mai, wani ya ce na shayi. Da Faransancin Kamaru kuma a ce coko, ko gombo, ko motibasiyon, ko a dube ka a ce “yi magana mai kyau”, alhali aljihunka ake jira ya yi maganar. Gombon nan kuwa kuɓewa ce, kuma wanda ya raɗa sunan ya san abin da yake yi, domin aikin kuɓewa shi ne ta sa tuwo ya wuce maƙogwaro ba tare da an ji shi ba.

Ni a ganina wannan sauya suna yana cikin manyan abubuwan da ke cutar da mu a Arewacin Kamaru, kuma ya wuce maganar shingen hanya. Muna da kalmomin laifi masu kaifi, amma mun raba su gida biyu. Masu zafin mun ajiye wa talaka da mace da yaro, masu laushin kuma mun bar wa mai kuɗi da mai kujera. Al'ummar da ta yi haka, ko masallatanta sun cika sun batse, ma'auninta ya karkace.

Bari mu fara da abin da muka gada. Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fanni. Akwai laifi, wato abin da doka ko shugaba ko maigida ya hana. Akwai zunubi ko saɓo, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Akwai abin kunya, wanda idon jama'a ne alƙalinsa. Sannan akwai alhaki, nauyin da mutum ke ɗauka idan ya cuci wani. Waɗannan huɗun sukan haɗu a kan aiki ɗaya, amma kowanne da ma'auninsa. Yaron da ke sayar da zuwa-zuwa a kwalba a bakin titi ya yi laifi a idon duwan, amma da wuya ka sami wanda zai ce ya yi abin kunya. Wanda ya ci abinci a tsaye a gaban surukinsa ya yi abin kunya, bai yi zunubi ba. Wanda kuma ya cuɗa fetur ɗin nan da kananzir ya sayar wa ɗan acaɓa injinsa ya buga, ya yi laifi, ya yi zunubi, ya ɗauki alhaki, ko da har abada ba wanda ya gane balle ya ji kunya.

Bayan waɗannan akwai kalmomin da ke nuna aiki takamaimai, yawancinsu daga Larabci muka aro su tun ƙarnonin da Musulunci ya zauna a ƙasar Hausa: zalunci, ha'inci, algus, rashawa, riba, giba, annamimanci, ƙazafi, alfasha. Akwai kuma sata, ƙwace, fashi, zamba, tauye mudu. Kowace tana da iyakarta. Algus shi ne ka ɓoye aibin hajarka, kamar mai zuba tsohuwar masara a ƙasan buhu ya rufe da sabuwa. Ha'inci shi ne a yarda da kai ka juya baya. Zamba kuma dabara ce da ake shirya wa mutum don a raba shi da abinsa. Kakanninmu sun bambance su ne domin a san girman kowanne da kuma yadda ake fita daga cikinsa.

Mu da muke zaune da Fulani, muke jin Fulatanci a kasuwa da masallaci, muna da wani ƙarin darasi. A Fulatancin Adamawa, kalmar da aka fi amfani da ita wajen faɗin zunubi ita ce hakke, tushenta ɗaya da haƙƙi da alhaki na Hausa. Wato a bakin mutanen wannan yanki, zunubi da abin wani da ke wuyanka kalma ɗaya ce. Bahaushe ma ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To ka ga tun asali iliminmu ya san cewa mafi haɗarin zunubi shi ne wanda ke da mai shi a raye, yana jiran a biya shi.

Ka kuma duba yadda Hausa ke jingina munanan ayyuka ga ci: cin hanci, cin amana, cin zali, cin mutunci, cin zarafi, cin riba, cin dukiyar maraya, cin naman mutum a bayan idonsa. Harshen yana gaya maka cewa wanda ya cuci wani ya haɗiye wani abu nasa. Amma yau wannan kalmar ta juya ta zama ta yabo. Idan aka naɗa ɗan unguwa wani muƙami, sai ka ji ana “yanzu mu ma za mu ci”. A duk faɗin ƙasar ana maimaita maganar nan cewa akuya inda aka ɗaure ta nan take kiwo. Masanin siyasa ɗan Faransa, Jean-François Bayart, daga bakin 'yan Kamaru ya ɗauko kalmar “siyasar ciki” ya sa ta a sunan littafinsa na 1989 kan yadda ake mulki a Afirka. Haba jama'a, ashe har duniya ta san mu da wannan magana.

Yanzu mu jera sunayen gida biyu mu gani. Yaron da ya ɗauki wayar wani a babbar kasuwar Garwa ɓarawo ne, kuma idan aka yi masa ihu, Allah ne kaɗai zai fitar da shi da ransa. Ma'aikacin da ya karkatar da kuɗin gina aji uku a ƙauye ya gina gidan bene, shi “Allah ne Ya buɗa masa”. Ɗan acaɓan da ke haɗiyar tramol don ya jure aikin yini ɗan ƙwaya ne, ɗan iska, ba a ba shi aure. Wanda ke shigo da ƙwayar katan-katan ta kan iyaka ɗan kasuwa ne, a sahun farko yake salla. Matar da ke dafa bil-bil kowa ya san sunan da ake kiranta da shi, amma mai ba manomi bashin buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka, shi “taimako” ya yi. Yarinyar da aka yi wa ciki ta zama karuwa, namijin da ya yi mata kuwa “ƙuruciya ce ta ɗebe shi”. Jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne zai ɗauki suna mafi nauyi har ya tsufa, alhali Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani.

Ba ina wanke sata ko shaye-shaye ko zina ba ne, kowannensu saɓo ne kuma malamai sun yi bayani. Abin tambaya shi ne, me ya sa harshenmu ke da kaifi idan ya kalli ƙasa, ya dakushe idan ya kalli sama? Amsar da na gani ita ce, abin kunya ya haɗiye sauran ma'aunai uku. Abin da ido ya gani shi muke hukuntawa. Maye ana ganinsa a tafiya, ciki ana ganinsa a jiki, amma kuɗin da aka cire a takarda ba ya wari. Kuma wanda ya ci dukiyar jama'a yana da abin rabawa, wanda kuwa ake sa ran samu a hannunsa ba a faɗa masa magana mai ɗaci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, mu kuwa mun ƙara da cewa tudun mai kuɗi shimfiɗa ce.

Addinin da muke bi bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta iske shi a can. Wannan ma'auni ne da ko yaro zai iya riƙewa: duk abin da ba za a ba ka ba in da ba ka kan kujerar, to kujerar aka ba, kuma sunansa ba kyauta ba ne. Haka nan labarin matar nan 'yar babban gida daga Banu Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama bin Zaid ya nema mata sassauci. Annabi ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale babba idan ya yi sata da hukunta mai rauni. Akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗi cewa wasu mutane za su sha giya suna kiranta da wani suna. Wato sauya wa haram suna tsohuwar dabara ce, kuma an riga an faɗa mana ba ta halatta komai.

Ko a tarihin wannan ƙasa tamu maganar ba baƙuwa ba ce. Lamidan Garwa da Marwa da Ngawundare duk sun samo asali ne daga yunƙurin da ya biyo bayan tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19. A cikin Kitabul Farƙ, inda Shehu ya jera halayen sarakunan Hausa na zamaninsa, da Larabci yake rubutu, amma da ya zo kan kuɗaɗen da ake tatsa daga talakawa sai ya kawo sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya nuna cewa zalunci ne aka sa wa riga. Ka ji fa, gaisuwa. Shekara ɗari biyu da suka wuce wannan kalma mai daɗi tana yin aikin da goro da motibasiyon suke yi yau. Mu da muke alfahari da wannan gado, ya kamata mu tuna cewa wani ɓangare na gyaran da aka yi gyaran suna ne.

A matakin ƙasa ma kalmomi ba su yi ƙaranci ba. Tun hawansa mulki a 1982 Shugaba Paul Biya ya zo da taken tsauri da gyaran ɗabi'a. Duk da haka ƙungiyar Transparency International ta sa Kamaru a matsayin ƙasar da ta fi kowace cin hanci a jerin da ta fitar a 1998, ta sake maimaitawa a 1999. A 2006 aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC, a shekarar ce kuma aka fara kamen da ake kira Eperbiye, wato shaho. A 2011 aka kafa kotun musamman mai shari'ar waɗanda ake zargi da wawure sefa miliyan 50 zuwa sama. Sashe na 184 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya karkatar da dukiyar gwamnati da ta haura sefa 500,000. Amma sashe na 66 na tsarin mulkin 1996, wanda ya ce manyan jami'ai su bayyana kadarorinsu, shekaru sun yi ta shuɗewa yana kwance a takarda.

Garwa ta ɗanɗana wannan kamen a jikinta. Marafa Hamidou Yaya, ɗan garin nan, tsohon sakataren fadar shugaban ƙasa kuma tsohon ministan cikin gida, an kama shi a 2012 aka yanke masa shekara 25 kan batun kuɗin sayen jirgin shugaban ƙasa, kotun ƙoli ta rage zuwa 20 a 2016. Ya musanta zargin, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba ya ce tsarewar tasa ba ta kan ƙa'ida. Iya Mohammed, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin auduga na SODECOTON da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, an kama shi a 2013 aka yanke masa shekara 15 a 2015. Ba aikina ba ne in sake yi musu shari'a a nan. Abin da ya shafi maganarmu shi ne abin da irin wannan kame ya yi wa harshenmu. Da mutane suka ga ana kama wasu ana barin wasu, sai suka daina tambayar “ya ci ko bai ci ba?”, suka koma tambayar “wa ya taka?”. Sunan kamen kansa ya taimaka, domin idan aka ce shaho ya ɗauki wani, kowa ɗan tsako yake gani. Ta haka kalmar ɓarawo ta koma kalmar siyasa: namu an zalunce shi, nasu ɓarawo ne. Marar laifi ya rasa mai wanke shi da hujja, mai laifi kuma ya sami inuwar fakewa.

A karkara lamarin har da jini. Makiyaya da manoma a Mayo-Rai da Tuboro da sassan Adamawa sun sha wuya a hannun zargina, daga tare hanya har aka koma satar mutane don kuɗin fansa. Iyalai sun sayar da garke sun koma gari hannu rabbana. Kowa na tsine wa mai bindiga. Amma wa ya gaya masa gidan da aka sayar da shanu jiya? Wa ke kai masa shinkafa da katin waya? Wa ke sayen saniyar jaka ɗari uku a kan jaka ɗari bai tambayi inda ta fito ba? Hausa tana da sunan wannan mutum tun da daɗewa: ɓarawon zaune. Yau sai ka ji an ce “ya yi sa'ar kasuwa”. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da muke bi, wato mu ɗauko kalma mai tsarki mu lulluɓe ƙazanta da ita. Rabo, ƙaddara, haƙuri, rufin asiri, zumunci. Wanda ya sayi gurbi a jarrabawar shiga aikin gwamnati ya ture ɗan talakan da ya fi shi maki, sai a ce rabonsa ne ya rantse. Kawun da ya riƙe gonar marayu shekara goma, sai a ce a bar maganar saboda zumunci. Matar da mijinta ke duka har ta kwanta asibiti, sai a ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. Marubuciyar nan 'yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, a kan wannan kalma ta munyal, wato haƙuri da Fulatanci, ta gina littafin da ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Wasu sun ji haushi wai ta tona asirin gida. Amma haƙuri umarni ne ga wanda jarrabawa ta samu, ba a saukar da shi don ya zama lasisin azzalumi ba. Idan za a ce wa matar ta yi haƙuri, to a fara ce wa mijin abin da yake yi zalunci ne, a gabanta, da wannan kalmar.

Sai kuma ɗaya gefen, inda muke ɗaukar kalma mafi nauyi mu jefa a kan abu mafi sauƙi. Kafiri, mushriki, ɗan bidi'a, munafuki. A wasu majalisu da wasu saƙonnin WhatsApp, saɓani kan ƙabalu da sadalu ko kan Mauludi ya isa a fitar da mutum daga Musulunci. Mu a nan ba sai an ba mu labarin ƙarshen wannan hanya ba. Ƙungiyar da duniya ta sani da suna Boko Haram da kalma ta fara kafin ta ɗauki bindiga: ta faɗaɗa haram har ta haɗiye makaranta da aikin gwamnati, ta faɗaɗa kafirci har ya haɗiye limamai da sarakuna. A watan Yulin 2014 ta afka wa Kolofata ta sace lamidon garin da matar mataimakin firaminista Amadou Ali. A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a Marwa. A Janairun 2016 aka tayar da bam a masallacin Kuyape ana sallar asuba. Waɗanda suka mutu a sahun nan, sai da aka sauya musu suna kafin a kashe su. Rage wa zunubi nauyi da ƙara masa nauyin da ba nasa ba duk tauye mudu ne, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu.

Na san akwai masu cewa, to ai Musulunci ya yi umarni da suturta Musulmi, ya hana giba, kuma Bahaushe da Bafulatani mutanen kunya ne, ba sa faɗin magana gatsal. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kira a koma zagin mutane a Facebook da TikTok. Jifan mutum da sata ko zina ba hujja ƙazafi ne, shi ma babban zunubi ne, kuma ya lalata gidaje da yawa. Abin da nake nufi shi ne a kira aikin da sunansa, ko da an sakaya mai aikin. Liman zai iya cewa karɓar kuɗi kafin a sa hannu a takardar haihuwa rashawa ce ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba. Kuma malamai sun bambance: suturtawa ta dace da wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Allah ya ɓoye, amma wanda cutarsa ke kan jama'a, yin shiru a kansa taimaka masa ne a kan waɗanda yake cuta.

Wasu kuma za su ce, talaka ya zai yi? In bai bayar ba motarsa za ta kwana a shinge, albasarsa ta ruɓe, fayil ɗinsa ya ɓace. Wannan ma gaskiya ne. Hadisi ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa, amma malaman fiƙihu da yawa sun yi rangwame ga wanda aka tilasta wa biya don ya karɓi haƙƙinsa ko ya kauce wa zalunci, suka ce zunubin na kan mai karɓa. Wannan rangwamen bai shafi mai biya don ya ƙwace haƙƙin wani ba. Sai dai ko wanda aka tilasta wa, ya dace in ya koma gida ya ce wa 'ya'yansa “yau an karɓi rashawa a hannuna”, kada ya ce “na ba su goro”. Na farkon yana koya wa yaro cewa an yi ɓarna. Na biyun yana koya masa cewa haka duniya take, kuma ranar da ya hau kujera shi ma zai miƙa hannu.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi taɓa zuciya: mu 'yan tsiraru ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasa bisa ƙidayar 2005, kuma tun da rikicin Boko Haram ya shigo ake mana kallon zargi, don me za mu ba masu ƙinmu sanda? Amsata ita ce, wannan dalilin ne ma ya sa ya kamata mu fi kowa tsanani a kan kanmu. A Yawunde da Duwala duk Musulmin da ya fito daga Arewa “Hausa” ake ce masa, ko Bafulatani ne ko Kotoko ko Bamandare. Mai goro a Birketeri, mai nama a New Bell, mai canji, mai shanu, duk suna ɗaya suke ɗauke da shi. Jarin da iyayenmu suka kafa kasuwanci da shi a kudu amana ce, ana ba su kaya bashi da baki kawai. Duk algus ɗin da ɗayanmu ya yi, daga wannan asusun ake cirewa. Ɓoye ciwo ba ya hana shi wari.

To me za a yi? Abubuwan da nake gani ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Limamanmu su auna huɗubobinsu na shekara: sau nawa aka yi magana kan suturar mata da kiɗan biki, sau nawa aka yi kan gadon marayu, kan albashin ɗan aiki, kan mudu, kan sayen kayan sata? Idan aka fassara huɗuba da Fulatanci ko Hausa, a ambaci coko da gombo da kuɗin mai da sunayen da mutane suka san su da su, kamar yadda Shehu ya ambaci gaisuwa. Malaman Islamiyya da na allo su koya wa yara bambancin laifi da zunubi da abin kunya da alhaki, su kuma koya musu cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar da abin ga mai shi. Aikin Hajji da gina masallaci ba sa biyan bashin maraya. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya siffanta matsiyaci na gaskiya da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare.

Kwamitocin masallatai su koyi tambayar asalin babbar gudummawa kafin a yi kabbara a lasifika. Shugabannin kasuwa da na tike su mayar da kalmar ɓarawon zaune bakin aiki, su hana sayen dabbar da ba a san mai ita ba. Masu shirye-shiryen Hausa da Fulatanci a gidajen rediyonmu su daina cewa kuɗi “sun ɓace” ko “sun yi ɓatan dabo”, kuɗi ba su da ƙafa. Wanda aka matsa wa a ofis ya san cewa CONAC tana da lambar kira kyauta, 1517, ko da bai tabbata za a share masa hawaye ba, ƙorafin da aka rubuta ya fi wanda aka haɗiye. A cikin gida kuma, uwa da uba da mata su dawo da tsohuwar tambayar nan da iyayenmu ke yi idan yaro ya shigo da abin da ya fi ƙarfinsa: “Ina ka samo?” Yau da yawa sai dai su ce “Allah Ya ƙaro”.

Sannan mu sassauta harshe inda ya kamata a sassauta. Ɗan acaɓan da tramol ya kama yana buƙatar magani da sana'a da wanda zai zauna da shi, kiransa ɗan iska bai taɓa raba kowa da ƙwaya ba. Yarinyar da aka yaudara tana da ƙofar tuba kamar kowa, kuma wanda ya yaudare ta a kira shi gaban manya ya ɗauki nauyinsa. Jaririn kuwa a kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna.

Gyaran shinge da kotu da ofis yana hannun hukuma, kuma za mu ci gaba da neman ta yi. Amma abin da muke kiran abu da shi a zaure da kasuwa da kan mumbari, wannan a bakinmu yake, ba sai an sa hannu a Yawunde ba. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya raba mu da alhakin mutane.